Rakiyar da Na Yi wa Mutumin Yanbu a Dutsen Nimsa

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar wa kowa da nasa.

Tun ranar da na dawo daga ƙasar Nimsa ta can Turai ƙofata ba ta huta ba. Hajja Kande ta zo ta tambaya, matan layinmu na unguwar Aƙiƙ a nan Madina kowacce ta kurɓi shayina ta ce, "Hajja Tabawa, wai da gaske kin hau keke?" Na gaji da maimaici. Na kuma lura labarin yana ƙara ƙiba a bakin mutane, har an fara cewa tsere na yi da Turawa na ci. Shi ya sa na kira Malama Zulai, matar ɗalibin jami'ar nan da suke haya a ƙasan gidanmu, na ce ta ɗauko alƙalami. Ni da babban yatsa nake sa hannu a takarda. Abin da na faɗa shi za ta rubuta, in ta ƙara gishiri ita da Allah.

Sai na fara da wanda ya jawo tafiyar. Ɗana ne na fari, don haka kada ku jira jin sunansa a bakina. Shekara arba'in da bakwai ban taɓa kiransa ba. Haka aka raine mu. Ɗan fari ba a kama sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ranar da aka yaye shi uwata ta ɗauke shi, ita yake ce wa Inna, ni kuwa Yaya yake kirana har gobe. Da ya kama aiki a matatar mai a Yanbu sai na samu sauƙi, na koma ce masa mutumin Yanbu. Matarsa Jamila, haifaffiyar nan Madina, irin waɗanda za ka yi musu Hausa su ba ka rabin amsa da Larabci, har yau abin yana ba ta mamaki. Ita ta saba ganin maƙwabta, ƙato da gemu uwarsa tana rungumarsa tana "ya habibi, ya galbi." Ni da in yi haka gara ƙasa ta tsage in shige.

Shekara biyu kafin tafiyar nan ciwon zuciya ya kayar da shi a wurin aiki. Likitoci suka zura masa wani ɗan ƙarfe a jijiya, suka ce ya rage tumbi, ya riƙa motsa jiki. Kwana tara ya yi a asibiti, sau tara na je, kuma duk zuwan a bakin ƙofa na tsaya ina tambayar Jamila, "Yaya mai jiki?" In na koma masauki in rufe ɗaki in yi kukan da zan yi.

Motsa jikin da ya zaɓa shi ne keke. Wani Bature injiniya da suka yi aiki tare, Alwis, shi ya koya masa. Ba keken kan kwalta ba, mai kaurin taya wanda ake bin burji da tsakuwa da shi a cikin duwatsu. Magidanci mai 'ya'ya biyar da mota a ƙofar gida, ya kifa hular kwano a ka kamar ƙwarya, duk Alhamis yana fama da duwatsun bayan Yanbu. Da Alwis ya ajiye aiki ya koma garinsu, sai ya aiko masa da hoton wata hanya da ta haura dutse daga Nimsa ta gangara Italiya, ya ce ya zo su ƙetare tare. Likita ya ce in dai a hankali ne babu laifi. Likita ba shi ya haife shi ba.

Mutumin Yanbu ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina ya ce, "Yaya, albarka nake nema."

Abin da ke raina shi ne: kada ka je, zuciyar nan ba za ta ɗauka ba, ina tsoron a dawo mini da kai a akwati. Abin da bakina ya iya fitarwa shi ne, "To. Nima dama ina son in sha iska."

Jamila ta kusa sakin faranti. Ni da ko Ɗa'if aka ce a kai ni sai na ce sanyi. Lissafina shi ne, in ina kusa da shi ba za a rasa dabarar da zan hana shi ba tare da na buɗe baki na faɗa ba.

Muka tashi daga Jidda mu uku, keke na huɗu a cikin kwali. Jirgi ya sauke mu a Miyunik ta ƙasar Almaniya. Mai duba fasfo ya dubi nawa, ya dubi na mutumin Yanbu, ya yi wata magana yana murmushi. Wai yana taya mu murna, rana ɗaya aka haife ni da ɗana. Bai sani ba duk wanda ba a rubuta haihuwarsa ba a ƙasarmu, ɗaya ga Rajab ake ba shi. Rabin tsofaffin Madina ran nan aka haife mu. Muna wucewa kuma wani kare mai aiki da hukuma ya zo ya tsaya a kan jakata ya ƙi gaba. Aka buɗe. Kuka, yaji, garin tuwo, dabino, sai ƙullin daddawa. Ma'aikacin ya kwance ƙullin ya kai hanci, ya ja da baya taku biyu, ya ɗaga hannu alamar mu tafi da abinmu. Jakar nan sau bakwai na wanke ta a masauki, ɗaya da ƙasar Turawa.

Alwis ya tarye mu da mota. Dogo ne siriri, gashin kansa fari fat, yana jin Larabcin 'yan matata. Ya ce mini, "Marhaba, ya Hajja," ya miƙo hannu, ya tuna, ya mayar da hannun ƙirji. Na ce a raina wannan an yi masa tarbiyya a Yanbu.

Ni fa mutum ce da ta san iyaka. Ina 'yar shekara bakwai muka baro ƙauyenmu na ƙasar Kano a ƙafa, muka ratsa Cadi, muka tsaya tsintar auduga a Sudan, shekara huɗu kafin mu ga teku. Kowace iyaka akwai mutum da hatimi ko da bulala, wani wurin da duka biyun. Don haka da aka ce yau za mu shiga Nimsa na gyara lulluɓi, na riƙe fasfo a hannu, na fara karanta abin da na sani. Tafiya ta yi nisa, hannuna har ya yi gumi.

Na ce, "Jamila, yaushe za mu isa iyakar?"

Ta ce, "Khalas, ya Hajja, mun wuce tun ɗazu."

"Wa ya duba mu?"

"Ma fi ahad. Babu kowa."

Na ce a juya mota. Ƙasar da ba ta tambaye ka da shiga ba ita ce ke kama ka da fita. Sai da Alwis ya rantse da addininsa, mutumin Yanbu ya rantse da namu, sannan na haƙura. Duk da haka fasfon nan a cikin rigata ya yi ta kwana har muka dawo.

Masaukinmu gidan yayar Alwis ne, Rezi, a wani ƙauye a gindin dutse. Gida ne na katako, furanni sun zubo ta kowace taga. Rezi sa'ata ce, gajera mai ƙarfi, kullum da safe sai ta haye keke ta je sayo burodi, siket yana kaɗawa. Ba ta jin ko kalma ɗaya tawa, ba na jin tata. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne yadda ta kama sunan mutumin Yanbu tana rangaɗa shi daga bene har kicin, kamar ita ta yanka ragon.

Daren farko na ga an shimfiɗa wani abu fari mai laushi a kan gado, na ce lallai katifa biyu suke yi wa baƙo. Na haye kansa na kwanta, na lulluɓa da mayafina, sanyi ya dafa ni har asuba. Da safe Rezi ta shigo ta gan ni a ƙudundune, ta ɗaga abin ta nuna mini ƙarƙashinsa ake shiga. Bargo ne, an cika shi da gashin tsuntsu.

Rana ta biyu na fi haka abin kunya. A ƙofar gidan akwai bututu yana zubar da ruwa cikin wani kwami na itace, dare da rana, babu makunni. Ni da na tashi a garin da ake sayen ruwa a garwa, zuciyata ta kasa ɗauka. Na samu tsumma na toshe shi da kyau, na koma ciki ina jin na yi aikin lada. Kafin azahar ruwan ya nemi wata hanya, ya fashe ta baya, ya kwanta a cikin lambun kabejin Rezi. Ashe idon ruwa ne daga dutse, tun kakanninsu yake zuba. Rezi ta zaro tsumman ta ɗaga shi sama tana neman mai shi. Gefen tsohon zanena ne, sauran yana jikina.

Abin da ya sasanta mu daddawa ce. Ina kaɗa miyar kuka a kicin ɗinta ta shigo tana jan hanci. Na ce yau za a kore mu. Sai ta fita ta dawo da wani cuku mai launin toka, ta kai mini hanci. Wallahi 'yan uwan juna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ci tuwona da cokali, na ci dunƙulen burodinsu da suke jefawa a romo kamar fura, bayan Jamila ta tambaya sau uku ko alade ya taɓa tukunyar. Daga ranar in mun haɗu sai ta toshe hanci ta yi dariya, nima in toshe nawa. Gaisuwarmu ke nan.

Hanyar da aka zo dominta ta bayan gidan ta fara. An gitta ƙarfe a bakinta don kada mota ta shiga. Tsakuwa ce fara, tana hawa tana lanƙwasa kamar macijiya har ta ɓace a inda dusar ƙanƙara take, ga shi kuwa tsakiyar bazararsu ce. Alwis ya ce sojoji ne suka sare ta a zamanin yaƙi, yanzu ta zama ta shanu da masu keke. A can ƙoli akwai bukkar da ake sayar da miya, daga nan sai gangara zuwa Italiya.

Ina zaune a bakin ƙarfen nan na ga masu keke suna wucewa, jajur, gumi yana tsiyaya, wando ya ɗame musu cinya kamar yadin bai isa ba. A iya sanina mutum ba ya wahala a kan hanya sai don talauci ko don Allah. Na ce bayin Allah, ba su da kuɗin mota. Na ɗauko dabino na fara sadaka kamar yadda muke yi wa baƙin Manzo a ƙofar Harami. Wani mai jan gemu ya karɓa da hannu biyu yana ta sunkuyawa. Da na ba da labari Alwis ya yi dariya har da hawaye. Ya ce mai jan gemun likitan haƙori ne, kekensa ya fi wata motar tsada. Hutu suke yi. Na ce to, mu da muka taka irin wannan hanya shekara huɗu ashe hutu muka yi ba mu sani ba.

Kwana biyar mutumin Yanbu yana gwaji a ƙananan hanyoyi don jikinsa ya saba da iskar wurin, ni kuma ina gwada dabaruna. Na ce wa Jamila, yana ji, hadarin garin nan bai yi mini ba. Gari ya waye tas. Na ɓoye hular kwanonsa a cikin kwandon albasa, Rezi ta buɗe wani ɗaki ta fito da guda huɗu ta ce ya zaɓa. Daren jajiberin tafiya na tuƙa masa tuwon da zai kwantar da ɗan dambe, ya cinye ya tashi da asuba garau. Duk wannan fama, kalma ɗaya ce ta gagare ni.

Ranar ta zo. Shirin shi ne su biyu su haura da safe, mu mata Rezi ta kai mu da mota ta cikin wani rami da aka huda a dutse, irin na Makka, mu jira su a can ɓangaren. Suka fito da kekuna. Mutumin Yanbu ya ɗora dogon wando a kan ɗamammen saboda idona. A nan Allah ya kawo mini dabarar ƙarshe, ko kuma ba Allah ba ne, shaiɗan ne.

Na ce, "Bari in taka muku."

Kun san rakiya. Mai rakiya shi ke cewa a nan zan tsaya. Kuma ɗan halak ba ya hawa abin hawa alhali babba yana taka masa a ƙasa. Muddin ina tafe, ba zai hau keken nan ba. In bai hau ba zuciyarsa ba za ta wahala ba, rana kuma za ta yi, a ce a fasa. Na zura silifas ɗina na zuwa masallaci a kan safa, muka wuce ƙarfen, yana tura keke ina gefensa.

A kwana ta farko, inda hanya ta fara lanƙwasa, ya ce, "Yaya, ki koma haka nan, mun gode."

Na ce, "Waccan kwanar kawai."

A ta uku ya sake faɗa, na sake faɗa. Alwis ya kasa gane abin da ake ciki. Ya hau ya yi gaba, ya dawo, ya kewaye mu, ya ce, "Fi mushkila? Akwai matsala?" Mutumin Yanbu ya ce, "Ma fi mushkila. Al'ada ce." Alwis ya ce, "Al'adar kilomita nawa ce?" 

Da farko abin ya yi mini daɗi. Ina tafe ina cewa a raina, ƙafar da ta ratsa Sudan wannan 'yar tsakuwa ce za ta tsorata ta? Na manta ƙafar nan shekara sittin ke nan tana kan darduma da tayil. Muka wuce wata ƙofar shinge da ake buɗewa a rufe saboda shanu. Shanunsu ba makiyayi, an rataya wa kowacce ƙararrawa an sake ta. Ɗaya ta jiyo ƙanshin dabino a jikina ta biyo ni, hancinta a bayana, tana kaɗa ƙararrawa kamar ana shelar ga mahaukaciya nan tafe.

A kwana ta bakwai tsakuwa ta fara shiga tsakanin silifas da safa. A ta tara iska ta yi ƙaranci, in ja numfashi in ji kamar ta rariya yake shiga. Mutumin Yanbu ya daina cewa in koma. Ya rage takunsa daidai da nawa. Rana ta ɗaga, yayyafi mai sanyi ya sauko. A kwana ta goma sha ɗaya na ga hanya ta karkace, na ce bari in ɗan zauna a kan wancan dutsen, sai na ji ni a ƙasa. Igiyar silifas ɗaya ta tsinke, safar ta yi ja.

Ba mota da za ta zo nan. Alwis ya ce zai sauka ya nemo mai mabuɗin ƙarfe, amma zai ɗauki lokaci, ni kuwa haƙorana har sun fara haɗuwa.  Mutumin Yanbu ya sauke sirdin kekensa ƙasa, ya tuɓe rigar ruwansa ya yafa mini, ya ɗaga ni cak ya ɗora ni a gicciye kamar buhun gero. Shi ya riƙe kan keken da birki, yana takawa a ƙasa, Alwis ya riƙe baya. Haka aka gangaro da Hajja Tabawa, jikar malamai, ƙafa ɗaya ba takalmi. Masu keke suna haurowa suna gaishe ni. Mai jan gemun nan ya tsaya ya tafa mini, ya ciro kyamara. To, Hajja Kande, ga amsarki. Na hau keke.

Tsakuwa tana sa keke rawa, ba ni da abin riƙewa, dole na dafa shi. Hannuna ɗaya a kafaɗarsa, ɗaya a ƙirjinsa. Rabon da in taɓa jikin yaron nan tun yana shan nono.

Mun sauko kwanar hanya biyu ko uku sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya, in ba ki so in je, ki faɗa. Kalma ɗaya. Wallahi ba zan je ba."

Na ce, "Wa ya ce ba na so? Rakiya na yi."

"Rakiya."

"Rakiya mana."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Tun da na faɗi kowa lallaɓa ni yake yi kamar ƙwai. Jamila ba ta bari in ɗauki tulun gas. A wurin aiki an ba ni kujera da fanka. Yara in na yi tari sai su dubi juna. So nake in sani, Yaya, ni mai rai ne ko mai jiran ranarsa. Shi ke nan abin da na zo nema a dutsen nan."

 Tafin hannuna yana kan ƙirjinsa, kuma na ji abin da likita ya faɗa ban yarda ba. Mutumin ya tura keke kwanar hanya goma sha ɗaya a hawa, ga shi yana riƙe da nauyina a gangara, zuciyarsa tana bugawa ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai daka da ta san turminta. Tawa ce take dukan uku-uku.

Rezi ta wanke mini ƙafa, ta cire tsakuwa da ɗan hantsaki, tana ta faɗa da yarensu. Ban ji kalma ba amma na gane duka. Da la'asar Alwis ya ce gobe ce kaɗai rana mai kyau da ta rage, jibi ruwa zai sauko, gata kuma jirginmu. Mutumin Yanbu ya ce, "Khalas, an fasa. Ba zan bar ta a haka ba." Na ga ya ɗauko kwalin keken ya jingina a bango.

Na samu abin da na ƙetaro teku dominsa, kuma ban taɓa sa abu mai ɗaci irinsa a baki ba. Shekara biyu yana tashi da asuba yana hawa duwatsun Yanbu, ni na zo da silifas na rushe masa a rabin yini. Kunyar da ta hana ni cewa kada ka je, ita ce kuma ta hana ni yanzu da nake son in ce je ka.

Bayan sallar asuba na ji motsinsa a falo. Na kira Jamila da ƙarfi yadda zai ji.

"Jamila!"

"Na'am, ya Hajja."

"Ki gaya wa mutumin nan, dutsen yana nan inda ya bar shi jiya. Ni ƙafa ce ke mini ciwo, ba shi ne maganinta ba."

Ta tsaya tana kallona. "Hajja, ga shi nan fa, wara'l bab, bayan ƙofa. Ki faɗa masa mana."

"Ke na aika."

Ya leƙo. Ya durƙusa. Na juya fuskata wajen taga na ce, "Allah ya yi albarka. Allah ya kai lafiya, ya sauko da wanda ya hau." Ya ce amin sau uku. Da suka fito da kekuna Alwis ya dubi ƙafata da aka naɗe ya ce, "Hajja, yau babu al'ada?" Na ce a gaya masa yau al'ada a bakin ƙofa ta tsaya.

Rezi ta kai mu ta cikin ramin dutse, muka fito a wani ƙauyen Italiya, nan ma babu wanda ya tambaye ni fasfo. Muka zauna a benci inda hanyar tsakuwa take saukowa. Azahar ta yi, na yi salla a zaune. La'asar ta kusa. Duk mai keken da ya ɓullo daga cikin itatuwa sai in miƙa wuya in duba. Jamila tana kai da kawo, Rezi tana saƙa, ni ina jan carbi ban san me nake faɗa ba. Lokacin da Alwis ya ce za su iso ya wuce da kusan awa biyu. Ban tambayi kowa ba. Wa zan ce ina tambaya?

Sai ga biyu sun ɓullo, dogo a gaba, mai kauri a baya. Ashe taya ce ta fashe musu a ƙoli, suka tsaya liƙi, suka kuma zauna shan miya. Jamila ta rangaɗa guɗa har tantabarun cocin suka tashi. Rezi ta jefar da saƙa tana kwala sunansa. Ya jingina keken, taɓo tun daga ƙafa har gira, ya zo ya tsuguna a gabana.

"Yaya, na sauko."

Na ce, "Na gani. Ka yi datti."

Na sa gefen mayafina a kan hular kwanon nan wai ina share masa taɓo. Na daɗe ina sharewa. Kwanon ya fita tas tun tuni, shi bai tashi ba, ni ban ɗauke hannu ba.

Yanzu ga inda kowa ya kwana. Rezi tana nan tana zuwa sayen burodi a keke, ta aiko mini da cukun nan ta hannun wani mai zuwa Yanbu, jikokina suka ce sai dai a ajiye shi a soro. Na rama mata da daddawa. Alwis gwiwa ta fara ba shi matsala, ya koma bin hanyoyin kwari, an ce hotona a kan keke yana rataye a falon gidansu, baƙi suna tambaya ko wace ce. Mai jan gemu ban sake jin labarinsa ba, Allah ya sa dabinon ya zama hujja a gare ni. Jamila ita ce ta baza labarin a unguwannin Sultana da Aƙiƙ, ita ta ƙara tseren, na kuma yafe mata. Ta bar mijinta yana ɗaukar tulun gas. Ni farce biyu na bari a Nimsa, ɗaya ya fito, ɗaya ya ƙi.

Shi kuwa mutumin Yanbu, tumbin ya tafi, likita ya rage masa magani, wandon nan dai bai daina sawa ba. Duk Alhamis in ya sauko daga dutse sai wayar gidan nan ta yi ƙara. In ɗauka in ce, "Wa ke magana?" Ya ce, "Ni ne, Yaya." In ce, "To, ba ni Jamila." Amma ba na saurin faɗa. Sai na bari ya ja numfashi biyu ko uku a kunnena tukuna, na saurara da kyau.